Ɗan barkwanci ya ce ɗumamar yanayi tatsuniya ce, ni kuwa sau uku na yi shuka bara

Malam Iliyasu Shika:
Assalamu alaikum jama'a. Tun shekaranjiya nake son kawo maganar nan zaure, ina ta danne zuciyata. Akwai wani bidiyo da ke yawo, na san da yawanku kun gani, ni ɗana ne ya nuna min a wayarsa. Wani ɗan barkwanci ne, ba zan kama suna ba, ya ƙudundune cikin bargo biyu da hular sanyi, yana karkarwa a gaban wutar kara, yana cewa a kira masa masu cewa duniya na ɗumama su zo su ɗumama shi. Sai abokinsa ya shigo da kwat da jaka a matsayin ɗan ƙungiya, yana raba ambulan, yana ce wa mutane su yi kuka a ɗauke su hoto a aika wa Turawa. A ƙarshe suka haɗa baki suka ce sauyin yanayi sana'a ce, wanda ya yarda da shi ya yarda da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Yarana sun yi dariya har da hawaye. Ni na kasa. Bara sau uku na shuka masara a gonata ta hanyar Giwa. Ruwa ya sauka farkon Mayu kamar da bakin ƙwarya, muka shuka, ya ɗauke kusan sati uku. Na je na tona rami da yatsa, na ciro tsiron ya yi fari ya lanƙwashe, ko fitowa bai yi ba. Muka sake, aka sake yin haka. Na uku ne ya kama, shi ma ruwan marka ya zo a dare ɗaya ya wanke takin da na ci bashi na zuba. Mahaifina ya noma gonar nan shekara arba'in, ban taɓa jin ya yi shuka uku a damina ɗaya ba.

Tambayata ita ce, masu waƙa da wasa da zane, da bakinsu ya fi namu kaiwa nesa, ba su da alhaki a kan abin da suke cusa wa yaranmu?

Bashir Kwangila:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Amma ni gaskiya ina bayan yaron nan. Me ya faɗa na ƙarya? Wa bai san yadda ake taron bita a otal a raba kuɗin mota a watse ba? Waɗanda suka ƙona kwal shekara ɗari biyu suka gina ƙasashensu, yanzu su ne suke ce mana kar mu taɓa namu. Da yaƙin Yukiren ya hana su gas a 2022, Jamus ba ta koma ta kunna tashoshinta na kwal ba? Afirka gaba ɗaya hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Mu da ko wuta ba mu samu ta awa shida a rana, mu ne za mu ceci duniya?

Maman Walida Gyallesu:
Bashir ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Bara waccan ruwa ya shiga gidajen layinmu, har katifar surukata sai da muka jefar. Wani jami'i ya zo da 'yan jarida ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa illar sauyin yanayi ce. Alhali kwalbatin da ke bakin titi ta fi shekara uku a toshe da leda da robar ruwa, ga wani mai kuɗi ya kafa shaguna a kan hanyar ruwan, kowa yana gani. Tun daga ranar in na ji kalmar nan sai in ji kamar za a rufe wata ɓarna ce da ita. Shi ya sa mutane suke dariyar bidiyon, Malam. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dakta Rabi Samaru:
Malam Iliyasu sannu da ƙoƙari. Bashir ƙanena, kusan duk abin da ka lissafa gaskiya ne, har ma in ƙara maka: a taron duniya kan sauyin yanayi na Kofanhegin a 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, lokacin ya zo bai cika ba. Amma ka lura da abu guda. Duk hujjojinka suna nuna cewa an zalunce mu ne. Babu ko ɗaya da ta nuna cewa duniya ba ta ɗumama. In wani ya cinna wa gidansa wuta ta tsallako danninka, ka ce masa azzalumi, daidai ne. Amma ba za ka ce babu wuta ba alhali rumbunka na ci.

Shi kuma wasan bargo, kamar mutum ne ya dawo daga gidan biki ya ƙoshi da tuwo ya ce babu tsadar abinci a gari. Sanyin hunturu na sati biyu abu ne daban, lissafin shekara talatin abu ne daban. Kuma ba shi ya fara wannan wasan ba. A watan Fabrairun 2015 wani sanatan Amurka, James Inhofe, ya shiga zauren majalisa da curin ƙanƙara a hannu don ya nuna wai ana sanyi a waje. Shekarar ta ƙare tana mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin. Daga baya 2016 ta wuce ta, 2023 ta wuce, 2024 ta wuce duka, da ƙarin kusan digiri ɗaya da rabi a kan yadda duniya take kafin zamanin masana'antu.

Bashir Kwangila:
Anti Dakta, duk waɗannan alƙaluman su wa suka auna? Ba su ɗin ba ne dai?

Dakta Rabi Samaru:
Har da mu. A nan Samaru an daɗe ana ajiye lissafin ruwan sama da zafi, cibiyar binciken aikin gona tushenta tun 1922 ne. Kwalba ce da mazurari, kullum da safe wani ma'aikaci ya je ya duba ya rubuta. Ba sai Bature ya zo ba. Ruwan da Zariya ke samu a shekara yana kai wa wajen milimita 1,000, kuma abin da ya fi damun manomi ba jimillar ba ce, rabon ne. Iska in ta ƙara zafi da digiri ɗaya tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Sai ta riƙe, ta riƙe, ta juye shi a dare ɗaya, a tsakani kuma rana ta tsotse ƙasa da sauri. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Abin da Malam Iliyasu ya tona da yatsa ke nan, da abin da ya wanke masa taki.

Maman Walida kuma, ke ma kina da gaskiya. Ruwan ya ƙaru da ƙarfi, kwalbatin kuma a toshe. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Alhaji Garba Ƙofar Doka:
Yara, bari tsoho ya sa baki. Fari ba yau aka fara shi ba. Na ga na 1973 da idona, Buzaye suka cika gari da yara a hannu, shanu suna faɗuwa a hanya. Na ga na 1984. Kakana ya ba mu labarin yunwar Kakalaba ta 1914, lokacin da ake tona gidan tururuwa ana neman ƙwayar gero. A lokacin wace mota ce a ƙasar Zazzau? Wane hayaƙi? Ni ban ce ƙarya kike ba Dakta, amma a bar wa Allah ikonsa.

Sai dai abu ɗaya da ba zan musa ba. Zafin azumin 2024 ban taɓa jin irinsa ba a rayuwata. Dare ma ba sauƙi, ka kwanta a tsakar gida ƙasa tana huci kamar bakin tanda. Da can ko bazara ta kai bazara, asuba da ɗan sanyinta.

Dakta Rabi Samaru:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ne, ƙasarmu dama ƙasar fari ce lokaci zuwa lokaci, ba wanda ya ce hayaƙi ne ya kawo Kakalaba. Ana mutuwa tun kafin a ƙera bindiga, amma wannan bai sa bindiga ta daina kisa ba. Abin da ka ce game da dare kuwa, shi ne ainihin alamar da masana ke dubawa. Iskar kabon kamar mayafi take, tana hana zafin da ƙasa ta sha da rana fita da dare. A watan Afrilun shekarar da ka ambata garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. A aikin Hajjin shekarar mutum sama da 1,300 suka rasu, zafi a Makka ya haura digiri 51.

Malam Auwal Tudun Jukun:
Baba Alhaji, a gafarce ni. Barin iko ga Allah ba ya hana duba sababi. A Suratur Rum aya ta 41 an ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Annabi Yusuf alaihis salam da aka nuna masa shekaru bakwai na fari ba cewa ya yi a zauna ba, cewa ya yi a bar hatsi a zangarniyarsa a adana. Kuma ya zo a hadisi cewa ko Alƙiyama za ta tashi, in da dashen dabino a hannunka kuma kana da ikon dasawa, ka dasa. Abin da ya ɓata min rai a bidiyon shi ne inda suka nuna mai dashen itace a matsayin wawa da Turawa suka saya. Muna fita sallar roƙon ruwa, mu dawo mu sare ɗorawar da kakanninmu suka bari.

Maman Walida Gyallesu:
Allah gafarta Malam, to da me za mu yi girki? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, silindata tana nan a ƙarƙashin gado ta yi ƙura. Na koma gawayi ba don ina so ba. Na san daga jikin itace ya fito, ina ganin motocinsa suna shigowa gari a cike har sun karkace. Waƙar da za ta ce min in daina gawayi ba ta faɗa min da me zan dafa wa yara tuwo ba, ni ma kashe ta zan yi.

Nura Mai Waƙa:
Tun ɗazu nake karantawa, bari in yi magana tunda sana'ata ake taɓawa. Malam Iliyasu, ba zan kare duk abin da yaron ya yi ba, amma ka ji yadda abin yake daga ciki.

Shekara biyu da suka wuce wata ƙungiya ta kira ni in yi mata waƙar sauyin yanayi. Aka ba ni takarda shafi biyu da Turanci, aka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da dole su fito, har da sunan shirin da sunan masu ba da kuɗi. Na tambayi matashin da ya kawo takardar ya yi min bayanin kalma ɗaya a ciki, shi ma ya ce bai sani ba, daga sama aka turo. Na shiga situdiyo na yi, aka biya ni, aka sa ta sau ɗaya a ɗakin taro, manyan baƙi suka tafa. Har yau ban ji ta a shagon mai cajin waya ko a bakin ɗan acaɓa ba. Kuma ba ta cancanci a ji ta ba, don babu ran kowa a cikinta, har nawa.

Shi kuwa yaron nan ba wanda ya ba shi takarda. Abin da ake faɗa a teburin mai shayi ya ɗauko. Mu fa madubi ne, abin da jama'a suka nuna mana muke mayar musu.

Sadiƙu Mai Zane:
Yaya Nura, a nan na rabu da kai. Madubi ba ya zaɓe, mu kuwa muna zaɓe. A teburin mai shayin nan akwai mai cewa ƙarya ce, akwai kuma manomi irin Malam Iliyasu yana ba da labarin shuka uku. Yaron ya ɗauki na farko ya bar na biyu saboda shi ya fi kawo dariya da mabiya.

Kuma kar mu ɗauka ƙaramin abu ne. A Amurka wani fitaccen marubucin ƙagaggun labarai, Michael Crichton, ya fitar da littafi a 2004 inda ya mai da masu fafutukar muhalli su ne miyagu masu ƙirƙiro bala'i don su tara kuɗi. Mutumin ba masanin yanayi ba ne, amma a 2005 sai ga shi gaban kwamitin majalisar dattawa yana ba da bahasi a kan yanayi. Labari ne ya kai shi can. A gefe guda kuma, masanan kamfanin mai na Exxon tun ƙarshen shekarun 1970 suka yi lissafin ɗumamar da ke tafe, binciken da aka buga a 2023 ya nuna lissafinsu ya yi daidai, amma kamfanin ya shafe shekaru yana sa shakku a zukatan mutane. Bashir, shakkun nan da kake ganin naka ne na kishin Afirka, shi ma akwai Turawan da suka zuba kuɗi aka ƙera shi. Kamfanin mai na BP ya yi shekara 26 yana ɗaukar nauyin gidan zane-zane na Tate a Landan, sai da masu zane da kansu suka yi ta bore, a 2016 aka sanar an raba gari. Kamfanonin sun san darajar mai fasaha ko da mu ba mu sani ba.

Bashir Kwangila:
To ai su ma masu goyon bayan abin ba ƙaramin shirme suke yi ba. Ba su ne suka watsa miya a kan zanen Van Gogh a Landan a 2022 ba? Kuma kullum Tafkin Cadi, Tafkin Cadi ya kusa ƙafewa. Ina da aboki ɗan Baga da ke bakin tafkin, ya ce wasu shekarun ruwa har gonaki yake cinyewa. Sannan mu 'yan Arewa ba mu manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu.

Dakta Rabi Samaru:
A kan Tafkin Cadi abokinka bai yi ƙarya ba. A shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000, farin 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa, amma tun daga nan bai ci gaba da ƙanƙancewa kamar yadda ake zanawa a fastoci ba, yana ƙaruwa yana raguwa. Masu ƙara gishiri suna ɓata mana aiki fiye da masu musu, don ranar da aka kama su da ƙarya ɗaya sai a zubar da gaskiya goma. Na sha faɗar haka a taro ana harara ta.

Sadiƙu Mai Zane:
Ni ma an taɓa ba ni aikin zanen bangon wata makaranta a cikin gari. Hoton da aka turo min wata farar dabba ce ta ƙasashen ƙanƙara, tsaye a kan ɗan guntun ƙanƙara a tsakiyar teku. Ina cikin zanawa yara suka kewaye ni, wata 'yar aji uku ta ja rigata ta ce Kawu, wannan tunkiya ce ko kare? Na ajiye buroshi. Washegari na je na roƙi a bar ni in canza. Na zana rijiya da mata uku a bakinta suna leƙawa, igiyar guga an ƙulla mata ƙari har biyu da tsumma, ga kututturen ɗorawa a gefe. Ban rubuta komai a ƙasa ba. Wata tsohuwa mai sayar da awara a bakin get ta daɗe tana kallo, ta ce wannan ai rijiyar gidanmu ce.

Abin da malamanmu suka koya mana ke nan a Samaru. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a nan Zariya, suka ƙi kwafar abin da Bature ya kawo ido rufe, ba su kuma watsar da ilimin ba, suka ce sai an haɗa shi da abin gida. A wannan shekarar dai wani masani mai suna Charles Keeling ya fara auna iskar kabon a kan wani dutse a Hawai, ya samu kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420. Mu da muka gaji waɗancan mutane, bai kamata a ce ko dai mu kwafi dabbar ƙanƙara ko mu yi wa manomi dariya ba.

Alhaji Garba Ƙofar Doka:
Yaron nan ka tuna min. Da can 'yan wasan kwaikwayo na jami'a suna fita ƙauyukan da ke kewaye, su kwana da manoma, su ji damuwarsu, sannan a haɗa wasa a dandali da mutanen garin a ciki. Na kalli ɗaya a kan rabon taki, sai da mai unguwa ya tashi ya bar wurin. Kuma garin nan ne na Aliyu Namangi, makaho ne amma waƙarsa har yau almajirai na rerawa. Ba wanda ya ba shi takarda mai jan layi.

Nura Mai Waƙa:
Baba, zamaninsu daban. Yanzu kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mu ma muna da iyali. Ɗan siyasa ya biya mu yabe shi, ƙungiya ta biya mu yi mata, wanda bai da mai biya sai ya nemi abin da zai jawo kallo. Wa zai biya kuɗin situdiyo a yi waƙar shuka uku?

Amma Sadiƙu maganarka ta zaɓe ta tsaya min a rai, ba zan ɓoye ba.

Malam Iliyasu Shika:
Na gode muku duka. Ni ba cewa na yi a hana kowa wasa ba, kuma ɓangaren ambulan ɗin nan ko ni na san akwai gaskiya a ciki. Abin da nake tsoro shi ne wannan. Duk farkon shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, tana fitar da hasashen damina, yaushe ruwa zai kankama, ina za a samu tsaiko. Bara na ji a rediyo ana cewa kar a yi gaggawar shuka da ruwan farko, na yi kunnen uwar shegu saboda maƙwabta sun fita. Bana na ce wa ɗana zan jira, kuma zan nemi iri mai saurin nuna. Buɗar bakinsa sai ya ce Baba kai ma ka shiga sana'ar? Da kalmar bidiyon ya amsa min. Shi ne zai gaji gonar nan.

Bashir Kwangila:
Malam wannan kam bai kyauta ba, a ja masa kunne. Ni dai har yanzu ban yarda a hana mu haƙo man Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe ko amfani da gas ɗinmu ba, kuma duk wanda ya zo da jaka da fasta sai na tambaye shi wa ya aiko shi. Amma Anti Dakta, irin nan mai saurin nuna da gaske ne ko shi ma talla ce? Tsohona yana da gona a Dogarawa, bara shi ma sau biyu ya shuka.

Dakta Rabi Samaru:
Da gaske ne, akwai masarar SAMMAZ da aka fitar a nan Samaru, wasu nau'o'inta suna nuna cikin kwana 80 zuwa 95, wasu kuma an yi su don jure fari da wuta-wuta. Sai dai a kula da inda za a saya, jabu ya yi yawa a kasuwa, ana rina hatsin ci a zuba a leda. Ka yi min magana ta gefe in kwatanta maka.

Nura Mai Waƙa:
Malam Iliyasu, in ba damuwa ina so in bi ka gonar ranar Asabar, in ji labarin daga bakinka da na maƙwabtanka. Ban yi alkawarin waƙa ba tukuna. Sadiƙu, kana da mashin?

Sadiƙu Mai Zane:
Akwai, amma mai a wuyanka. Mu haɗu a Kwangila bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe.

Malam Iliyasu Shika:
Allah ya kai mu. Zan taho da yaron.